Bagirkiyar da Ta Zauna a Ɗakin Inna

Ranar da na kawo Madam gidanmu ana ruwa. Taksi bai iya shiga lungunmu ba, don duk wanda ya san unguwarmu Briketeri ya san abin da ruwan Yawunde ke yi wa jar ƙasar nan, sai ya tsaya a bakin titi wajen masu tsire. Ni da direban muka ɗauko ta a kan kujerar roba. Ta rungume jakarta a cinya, tana yi wa direban faɗa da Faransanci ya kula da ƙafarta. Teloli suka tsayar da kekunansu suka leƙo. Ga tsohuwar Baturiya da farin gashi da gicciye a wuya, ana shigar da ita gidan marigayi Babanmu. Na gaishe da wanda na gaisar, na wuce, ban tsaya yi wa kowa bayani ba.

Madam Bagirkiya ce, kuma a gidan burodinta Babanmu ya yi aiki tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare. A wancan zamanin in ka ji ana maganar bulanjeri, wato gidan burodi, a garin nan, to na Girkawa ne. Ita da mijinta suka fara da tanda ɗaya a bayan wani shago, suka kai har asibitoci da barikin soja da gidajen manya suna cin burodinsu. Mijin shi ne mai zama a gaba yana hira da masu saye, amma kowa a ciki ya san hannun da ke riƙe da wurin. Baba shi ne mai kula da wuta. Ni kuwa in an tashi daga lekol, wato makaranta, can nake zarcewa, in zauna kan buhun fulawa ina jiran a tashi mu koma gida tare. Wata rana Madam ta dube ni ta ce a gidanta ba a zaman banza, ta wanke mini hannu da kanta, ta tura mini ƙullu. A hannunta na koyi sana'ar da na ci da ita, na rufa wa kaina asiri bayan rasuwar mijina, na kai 'ya'yana makaranta.

Hausarta ta kasuwa ce. Kowa a wurinta namiji ne, har ni, "kai" take ce mini. In magana ta yi tsawo sai ta koma Faransanci, a nan kuma "'yata" take kira na.

Tana da alfahari, kuma ba ta ɓoye shi. In tana murza ƙullu sai ta riƙa lissafa mini mutanensu. Wai je ki kowace tashar jiragen ruwa a duniya, za ki tarar mai jirgin nasu ne. Wai manyan likitoci da malaman jami'a a Amurka, in ka bi sunan kakansu, daga wani ƙauyen duwatsu ya fito da takalmi ɗaya. Daga Duwala har Kinshasa, wa ya koya wa mutane cin burodi mai kyau? Na taɓa tambayarta, in haka ne me ya hana su zama a ƙasarsu su yi wannan abin a can. Ta ce, "Ƙasarmu uwa ce mai haihuwa da yawa, tukunyarta ƙarama. Sai mun fita muke zama mutane."

Abin da ban sani ba sai da na girma shi ne, ita ba a Girka aka haife ta ba. A Santambul aka haife ta, cikin Turkawa, kuma a can aka haifi ubanta da kakanta. Ubanta yana da shagon kayan zaƙi a ƙasan gidansu. Tana yarinya, rikici ya tashi tsakanin Girka da ƙasar Turkawa a kan wani tsibiri da ita ba ta taɓa gani ba, jama'a suka fito suka farfasa shagunan Girkawan birnin. Ta ce abin da ta fi tunawa shi ne zuma da sukari suna gangarowa a kan titi, mutane na takawa. Uban ya gyara shagon ya ci gaba. Bayan wasu shekaru hukuma ta ce ya bar ƙasar, da abin da hannu zai iya ɗauka. Suka sauka a Atina, babban birnin Girka, can kuma yara suka riƙa bin ta suna ce mata irin Turkawa, saboda yadda take magana. Da wani saurayi ya zo yana neman matar da za ta bi shi Kamaru inda kawunsa ke da shago, ba ta tambayi ina ne Kamaru ba. Tun ranar da ta hau jirgin barin Santambul ta yi wa kanta alkawari Turkanci ba zai sake fita daga bakinta ba.

Wannan labarin ya zauna mini, don mu ma mun san irinsa ko da bai kai nasu zafi ba. Kakanmu daga Kano ya zo da fatauci. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni, amma har gobe in na je ofis wani yaro zai dubi sunana ya tambaye ni daga ina na zo. Da na je Kano biki kuwa, 'yar Kamaru suka riƙa kira na, suna dariyar Faransancin da ke faɗowa cikin maganata.

Mijinta ya rasu, ta riƙe bulanjerin ita kaɗai shekaru masu yawa, sannan ta sayar da ƙarfi ya gaza. Ta koma wani ɗan gida a unguwar Tsinga. Ɗanta ɗaya ne, injiniya a Ostireliya, shi ma yana cikin waɗanda take lissafawa. Ina zuwa duba ta duk mako. Sai ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. Tana kwance a lopital, wato asibiti, ɗan ya kira ni a waya, ya ce ya samo mata wuri a gidan kula da tsofaffi a Atina, mai tsabta, ga likitoci, ga masu jin yarenta. Ya roƙe ni in lallashe ta.

Na je na faɗa mata. Ta juya kai ta kalli bango.

"An fitar da ni daga gida sau ɗaya da akwati," ta ce. "Ba za a sake ba. A garin nan na yi gumi, a nan mijina yake kwance. Ɗakin mahaifiyarki yana nan?"

Na ce yana nan, babu kowa a ciki tun rasuwarta.

"To kai ni can."

Ban ce bari in yi shawara ba. Matar nan ita ta biya wa Inna aikin ido, ita ta zo gidanmu ta zauna a tabarma cikin mata ranar da Baba ya rasu, ba ta jin addu'ar da ake yi amma ta ɗaga hannu tare da mu. Na ce mata to.

Gidanmu shiyya biyu ne. Ni ina ciki da tandata a tsakar gida, ƙanena da iyalinsa suna shiyyar gaba. Shi ɗan kasuwa ne, kuma duk arzikinsa daga Santambul yake. Yana zuwa ya saro dogayen riguna da takalma da dardumar salla ya kawo. Ba shi kaɗai ba, rabin samarin unguwarmu yanzu can suke fuskanta. Matanmu kuwa da yamma suna gaban tele suna kallon wasannin Turkawa na sarakunan da, har yara suna wasan takobi da karan rake suna kiran junansu da sarautun can. A idon unguwa Turkawa 'yan'uwa ne Musulmi masu ƙarfi. Girkawa kuwa an manta da su, sai dattawa ke tuna su da burodi.

Ƙanena bai hana ba, bai kuma yi murna ba. Wadda ta zo takanas ita ce Gwaggo, ƙanwar Baba. Ta leƙa ɗakin Inna ta ga Madam ta jera hotunan addininta a kan akwati, da ɗan kofin mai da lagwani yana ci a gabansu. Ta ja ni bayan tanda.

"Ke yanzu a ɗakin da uwarki ta yi salla shekara da shekaru za ki bari a kunna wa gumaka wuta? Mala'iku ba sa shiga irin wannan gida."

Na ce, "Gwaggo, da cin abincin gidan nan ya dogara da aljihun matar nan, ba wanda ya tambayi me take kunnawa a ɗakinta. Ni ina sallata, ita tana nata. Ba ta ce in bi ta ba."

"Mutane suna magana."

"Su zo su yi a gabana. Ƙofa a buɗe take."

Ba wanda ya zo. Sai dai wasu mata biyu da ke karɓar burodina suna sayarwa suka daina aikowa. Na samu wasu a unguwar Ekudu, na ci gaba.

Madam ta warke har tana takawa da sanda. Da safe sai ta fito ta zauna kusa da tanda tana sa mini ido kamar har yanzu ina yarinya. Gishiri ya yi yawa. Wuta ta yi zafi. A nan ta koya mini abin da ba ta taɓa yi a bulanjerinta ba, wani burodi kamar zobe da ake tsomawa a ruwan zaƙi a birkiɗa a riɗi kafin a gasa. Ta ce shi suke saye a bakin ruwa suna yara. Mutanen unguwa suka so shi, suka sa masa suna awarwaro.

A shekarar ne aka mayar da wani tsohon babban cocin Girkawa na Santambul masallaci, ana kuma ta labarin jiragen yaƙin ƙasashen biyu suna fuskantar juna a teku saboda iskar gas. Ranar Juma'ar da aka yi salla a wurin, samari suka taru a shiyyar ƙanena suna kallo a waya suna kabbara. Ni ma Musulma ce, kuma ba zan ce zuciyata ba ta motsa da ganin sahun nan ba. Amma ina jin muryoyinsu ina kallon Madam a kujerarta. Ta san abin da ake kallo. Ta jira har suka watse. Sannan ta ce, "Kakata takan tsaya a wajen ginin nan ta yi addu'a a ɓoye cikin mayafinta. Su yi sallarsu. Ginin ya san wanda ya gina shi." Ta miƙa mini hannu na tashe ta, ta shiga ɗaki, ranar ba ta ci abinci ba.

Bayan kamar shekara, ƙanena ya shigo wurina da safe ina kwashe burodi. Ya tsuguna, abin da ba ya yi sai yana son wani abu.

"Yaya, mutumin da nake sarin kaya a wurinsa zai zo Yawunde. Baturke ne, mai masana'anta. Yana son ya ba ni wakilcin kayansa a nan gaba ɗaya. Na gayyace shi cin abinci ranar Juma'a bayan masallaci."

Na ce madalla, me za a dafa.

"Abinci ba matsala. Maganar tsohuwar nan ce. Kin san bakinta, kin kuma san yadda suke da juna. Ki taimaka ta zauna a ɗaki har ya tafi. Ko ki kai ta wani wuri ta yini."

Na ajiye faranti. "Wato in kulle ta kamar akuya saboda baƙo."

"Ban ce ki kulle ta ba. Yini ɗaya ne."

"Matar da aka kora daga gidan ubanta saboda ita Bagirkiya ce, ni zan ce mata ta ɓuya a gidan ubana saboda Baturke zai zo? Ba da bakina ba. In kana jin kunyarta ka kai baƙonka otal."

"Yaya, abincin 'ya'yana ne a ciki."

"Na sani. Kai ma da abincinta aka yaye ka."

Ya tashi ya fita ba sallama. Bai kai baƙon otal ba, don ya riga ya yi masa alkawarin abincin gida. Ni kuma ban ɓoye wa Madam ba. Na ce mata Baturke zai zo ranar Juma'a, in ta so ta fito, in ta so ta zauna, gidanta ne. Ta ce, "Ka goge mini baƙar rigata."

Baƙon mutum ne mai kimanin shekara hamsin, mai gajeren gemu, mai ladabi. Ya cire takalmi tun daga ƙofa. Faransancinsa kaɗan ne, shi da ƙanena da guntun Larabci da waya suke fahimtar juna. Aka shimfiɗa darduma a inuwar tsakar gida, aka kawo shinkafa da kaza da miyar ganye. Na kawo burodina a tire, har da awarwaro, kuma da sanina na sa shi.

Yana ganinsa ya tsaya. Ya ɗauka ya juya shi, ya shinshina, ya gutsura. Sai ya yi dariya ya ce wa ƙanena da Faransancinsa na dole, wannan burodin garinsu ne, na Turkawa, ina muka samo shi a tsakiyar Afirka.

Daga ƙofar ɗakin Inna aka ba shi amsa, da yaren da ban taɓa ji a bakin Madam ba. Tana tsaye a kan sandarta cikin baƙar riga, ta gyara gashinta, gicciyenta a waje. Maganar ta fito mata a guje kamar ruwan da aka buɗe wa famfo. Baƙon ya miƙe tsaye da burodin a hannu. Ya amsa a hankali. Ta ƙara. Ya matsa zai sumbaci hannunta irin yadda suke yi wa tsofaffi, ta janye hannun ta nuna masa wurin zamansa. Na kawo mata kujera ta zauna tana fuskantarsa.

Sun daɗe suna yi. Ba wanda ya ɗaga murya sosai, amma ko kurma ya san ba gaisuwa ake ba. Fuskar mutumin ta yi ja. Wani lokaci ya buga yatsa a kan darduma yana zana wani abu, ita kuma ta share zanen da bakin sandarta. Ƙanena ya dube ni, na dube shi. Shinkafa ta huce. A ƙarshe baƙon ya miƙe, ya dafa ƙirji ya yi mini godiya, ya ɗan sunkuya wa Madam, ya fita. Ƙanena ya bi shi da takalmi a hannu.

Da yamma ina shafa mata man zafi a ƙafa na tambaye ta me suka ce.

"Na ce masa burodin nan ubana yana gasa shi a birnin tun kafin kakansa ya sauko daga ƙauye. Na faɗa masa sunan unguwarmu da titinmu, na ce ya je ya tambaya ina masu gidajen suka tafi."

"Shi fa?"

"Ya ce ba a haife shi ba lokacin. Ya ce in je tsibirin in tambaya su wa suka kashe Turkawan ƙauyuka, wai kawunsa soja ne ya gani da idonsa. Ya ce tsibiranmu suna bakin ƙofarsu, mun hana su numfashi a tekunsu. Na ce teku ba ta san shi ba." Sai ta ƙara da cewa, "Ba ƙarya ya yi duka ba. Amma ba shi aka kora ba."

Na ci gaba da shafawa. Can ta ce, "Kin san abin da ya fi ba ni haushi? Wai Turkancina irin na kakarsa ne, wai yanzu ba mai magana haka a birnin, wai daɗi yake ji. Shekara nawa ina riƙe da bakina, ashe yana nan ciki bai ko yi tsatsa ba."

Wakilcin da ƙanena yake nema bai samu ba a wannan zuwan. Mutumin ya ce sai ya yi tunani. Ƙanena ya ɗora laifin a kaina, ya daina shigowa shiyyata, matarsa ta daina aiko yara karɓar burodin safe. A unguwa labari ya zama na sa kafira ta zagi baƙo Musulmi a gidan ubana. Gwaggo ta aiko a faɗa mini in ban fitar da matar ba ita ta fita daga harkata. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe ta, ya ce mata Madam tana nan. Ban ba kowa haƙuri ba, domin ban ga abin da na yi ba. Mutum biyu sun faɗa wa juna abin da ke cikinsu da yaren garinsu, ba a zagi uwar kowa ba, ba a fasa ko kofi ba.

Watanni suka wuce. Ƙanena ya sake tafiya Santambul saro kaya. Wata rana da hantsi wayata ta yi ƙara, na ga shi ne yake kira da hoto. Na yi mamaki, don rabon da ya kira ni tun kafin zuwan baƙon.

"Yaya, ba ni na so ba," ya ce. "Mutumin nan ne ya ɗauko ni a mota ya kawo ni wata unguwa. Ya ce a ba tsohuwa waya."

Na kai mata, na sa mata tabarau. Hoton yana rawa, ga wani siririn titi mai hawa, da dogayen gidaje manne da juna, da mutane suna wucewa. Baturken ne yake riƙe da wayar, muryarsa kawai ake ji. Ashe ya riƙe sunan titin da ta jefa masa cikin faɗa.

Madam ta kama wayar da hannu biyu. Ta yi masa magana a gajarce, irin ta mai ba da umarni. Hoton ya matsa gaba. Ta sake magana, ya juya hagu. Ta ce mini da Faransanci, ba ta ɗauke ido ba, "Ya wuce famfon. Wawa, ya koma baya." Ya koma. Sai ga wani gida mai baranda ta ƙarfe, an yi masa fenti ruwan ƙasa. A ƙasa, inda shagon ubanta yake, ana sayar da rigunan waya da caja, wani yaro yana zaune a ciki yana danna tasa wayar.

Ta daɗe tana kallo. Ta sa ya ɗaga wayar sama ta ga tagogi, ta nuna mini ta gefe ta ce a nan suke kwana ita da yayarta. Ta sa ya nuna mata dokin ƙofa. Na zaci za ta yi kuka, na matso da gefen zanena, amma idonta a bushe yake. Baturken ya yi wata magana a hankali. Ta miƙo mini wayar ta ce in sa a mayar wa ƙanena wayarsa.

"Ka faɗa masa," ta ce da Hausarta, "gidan babana ne. Ban yafe ba. Ka ce masa kuma na gode."

Ƙanena ya ce, "Madam, ai yana jin ki in kin faɗa da yarensu."

"Na gama da yarensu. Kai ka faɗa."

Da ya dawo ya shigo shiyyata da kansa, ya ajiye wa Madam ƙunshin gahawa da mutumin ya ba shi ya kawo mata. Ta shinshina ta ce gahawar Girkawa ce, sun sa mata sunansu. Ta sha ta har ta ƙare. Wakilcin dai wani ɗan Duwala aka ba, kuma har yau ƙanena yana ganin da na ji maganarsa da nasa ne. Wataƙila gaskiyarsa ne. Muna gaisawa, muna cin abinci tare ranar salla, amma wannan maganar ba ma taɓa ta.

Madam ta ƙara shekara biyu da wani abu a ɗakin Inna. Ta rasu da rana tsaka, ina tsakar gida ina ƙulla ƙullu, na shiga kai mata ruwa na tarar ta tafi. Na rufe mata ido, na kira ɗanta, na kira limamin cocinsu. Girkawan da suka rage a garin ba su da yawa, matan cikinsu duk sun tsufa. Aka rasa wadda za ta yi mata wanka sai wata dattijuwa 'yar ƙabilar Ewondo da ke share cocin. Ta ce ba za ta iya ita kaɗai ba. Na naɗe hannun rigata. Ta nuna mini yadda suke yi, na bi, muka sa mata tufafinta muka taje mata gashi.

Ɗan ya iso daga Ostireliya da niyyar ɗaukar gawar zuwa Girka, wai a can dangi suke. Na ce masa uwarsa ta faɗa mini da bakinta, ba sau ɗaya ba, kusa da mijinta take so. Ya ce shi ne ɗanta. Na ce haka ne, ni kuma ni ce na juya ta a gado duk lokacin da bayanta ya yi ciwo, in ya ɗauke ta to ya sani ya yi mata abin da ta roƙa kada a yi. Ya fita ya zagaya lungu, ya dawo ya ce a haƙa a nan. Na shiga cocin da hijabina na zauna a sahun gaba, ban yi abin da suke yi ba, ban kuma fita ba sai da aka gama. Ƙanena ya tsaya a waje, amma da aka fito da akwatin ya sa kafaɗarsa.

Da labarin wankan ya kai kunnen Gwaggo, ta rantse ba za ta ƙara cin abin da hannuna ya taɓa ba. Na je na tambayi malamin da nake karatu a wurinsa, ya ce in yi wanka in ci gaba da sallata, Allah ya san niyyar kowa. Na aika aka faɗa mata, ta ce malamin ma a bincike shi. Washegarin jana'iza na hura tandata da asuba kamar kullum, kuma burodin ya ƙare kafin azahar.

Gwaggo tana nan da ranta a unguwar Site Bat wurin ɗanta, ta tsufa ƙwarai, tana kan rantsuwarta. Duk Juma'a ina naɗe burodi mai zafi a takarda in ba mai mashin ya kai mata. Duk Juma'a ana dawo mini da shi. Surukarta ta ce in daina wahalar da kaina, na ce mata ƙanwar ubana ce, haƙƙinta ne in aika, ita kuma in ta ga dama ta mayar. Makon jiya ma na aika.